Ƙagaggun Labaran Ƙarshen Zamani: Yadda Wa'azin Tashin Duniya Ya Zama Hajar Kasuwa a Amurka

Ƙagaggun labaran ƙarshen zamani wani reshe ne na adabin addini da ya yi ƙarfi a Amurka, musamman a tsakanin Kiristocin ɗariƙun bishara, waɗanda ake kira 'yan Ibanjelika. Marubucin irin wannan littafi yakan ɗebo annabce-annabcen Littafi Mai Tsarki game da kwanakin ƙarshe, ya zuba su a ƙwaryar labarin leƙen asiri da gudun ceton rai, inda ake samun jiragen sama, 'yan jarida masu bin diddigi, makircin shugabanni da ruwan bama-bamai. Mai karatu ya san inda za a ƙare tun bai buɗe shafin farko ba, domin malaminsa ya sha faɗa masa a coci. Abin da ke hana shi ajiye littafin shi ne ɗokin ganin yadda tsofaffin ayoyi za su sauka a kan duniyar da ya sani, duniyar talabijin da banki da filin jirgi.

Aƙidar da labaran suka tsaya a kanta

Galibin waɗannan littattafai sun jingina ne da koyarwar John Nelson Darby, wani malamin addini da ya yi limanci a Cocin Ireland kafin ya fice ya zama jigo a ƙungiyar Plymouth Brethren. A shekarun 1830 Darby ya tsara tarihin duniya zuwa zamani-zamani, kowanne da irin yadda Ubangiji ke mu'amala da bayinsa. Ya kuma raba dawowar Almasihu gida biyu. Da farko za a ɗauke masu bi na gaskiya daga doron ƙasa farat ɗaya, abin da Kiristocin Hausa ke kira fyaucewa, kuma madogararsa ita ce sura ta huɗu ta wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Tasalonikawa. Daga nan sai shekara bakwai na babban tsanani, lissafin da aka ciro daga sura ta tara ta littafin Daniyel, inda Magabcin Almasihu zai mallaki duniya. Bayan yaƙin Armagedon ne Almasihu zai sauko a bainar jama'a, ya yi mulki na shekara dubu.

Wannan tsari ba na dukkan Kiristoci ba ne. Katolika da Otodoks da Lutheran da akasarin Anglika sun yarda da dawowar Almasihu, amma ba su san wata fyaucewa ta ɓoye kafin tsanani ba. A Ingila koyarwar ba ta yi wani nisa ba. Amurka ce ta karɓe ta hannu bibbiyu, bayan Darby ya yi ta zirga-zirga can tsakanin 1862 da 1877. Abin da ya kafa mata gindi shi ne bugun Littafi Mai Tsarki da Cyrus Scofield ya fitar a 1909 a maɗaba'ar Jami'ar Oxford, inda aka jera sharhinsa a ƙasan ayoyi a shafi guda. Da yawa daga cikin masu karatu sun tashi ba sa rarrabe inda aya ta tsaya da inda Scofield ya soma. Makarantun horar da masu bishara, irin su Moody da ke Chicago, suka yaye dubban ɗalibai da wannan fahimta, wasunsu kuma suka zo Afirka ta Yamma a ƙarƙashin ƙungiyoyin mishan irin su SIM, wadda daga aikinta cocin ECWA ta fito a 1954. Ta wannan hanya maganar fyaucewa ta shiga wa'azin Hausa.

Ga marubuci, tsarin Darby kamar gona ce da aka riga aka yi wa kunya, shuka kawai ta rage. Littafin Wahayin Yahaya ya tanadi bala'o'i ashirin da ɗaya a jere: hatimi bakwai, ƙaho bakwai, tasoshi bakwai. Akwai girgizar ƙasa, akwai fari masu harbi kamar kunama, akwai teku da ke komawa jini. Akwai kuma dabba mai ƙahoni goma da alamarta da za a sa wa mutane a hannun dama ko a goshi, wadda in babu ita ba saye ba sayarwa, da lambar nan 666. Mugu ya samu, wa'adi ya samu, ranar ƙarewa ta samu.

Kafin kasuwa ta buɗe

Tun farkon ƙarni na ashirin aka soma gwada hannu. Masanin falsafar Rasha Vladimir Solovyov ya rubuta gajeren labari kan Magabcin Almasihu a 1900. A 1907 limamin Katolika ɗan Ingila Robert Hugh Benson ya fitar da Lord of the World, inda wani ɗan siyasa mai farin jini, Julian Felsenburgh, ya haɗa kan duniya da sunan zaman lafiya sannan ya juya kan coci. Fafaroma Francis ya sha ba mutane shawarar su karanta shi. A ɓangaren mabiya Darby kuwa, Sydney Watson na Ingila ya rubuta labaran fyaucewa a shekarun 1910, amma waɗannan ba su wuce shagunan littattafan coci ba.

Kafuwar Isra'ila a 1948 da ƙwace gabashin birnin Ƙudus a yaƙin 1967 su ne suka sauya lissafi. Masu wannan aƙida sun daɗe suna cewa sai Yahudawa sun koma ƙasar Falasɗinu kafin agogon ƙarshe ya soma bugawa, sai ga shi jaridu na kawo musu abin da suke ɗauka hujja. A 1970 Hal Lindsey, tare da Carole Carlson, ya fitar da The Late Great Planet Earth. Ba ƙagaggen labari ba ne, amma da saurin labari aka rubuta shi, kuma jaridar New York Times ta ayyana shi a matsayin littafin da ba na ƙage ba da ya fi kasuwa a shekarun 1970. Lindsey ya ce Gog na littafin Ezekiyel ita ce Tarayyar Sobiyet, ƙahoni goma na dabbar nan kuma ƙasashen Kasuwar Tarayyar Turai ne. Ya nuna cewa tsara ɗaya shekara arba'in ce, in an ƙirga daga 1948 wa'adin ƙarshe zai faɗa wajajen 1988. Da Girka ta shiga kasuwar a 1981 ta cika ƙasashe goma, masu bin lissafin suka ce ga shi nan. Sai Sifaniya da Fotugal suka shiga a 1986, goma ta koma sha biyu.

Fim ya riga littafi shiga zukatan yara. A farkon shekarun 1970 wasu masu shirya fim a birnin Des Moines na jihar Iowa, Donald Thompson da Russell Doughten, suka yi A Thief in the Night da 'yan kuɗi kaɗan. Wata matashiya mai suna Patty ta farka rediyo na sanar da ɓacewar miliyoyin mutane, ta leƙa banɗaki ta tarar da injin askin mijinta yana ta kuka shi kaɗai a mawanki, mai shi babu. An yi ta haska fim ɗin a zaurukan coci da sansanonin matasa shekara da shekaru, a ƙarshe a kira masu son tuba su fito gaba. Manya da dama a Amurka na ba da labarin yadda suna yara sukan dawo daga makaranta, in suka tarar da gida shiru gabansu ya faɗi, su ɗauka an kwashe iyayensu an bar su.

Left Behind

Littafin da ya mayar da wannan fage babbar sana'a shi ne Left Behind, ma'ana waɗanda aka bari a baya, wanda maɗaba'ar Tyndale House ta jihar Illinois ta fitar a 1995. Mutum biyu ne suka haɗa hannu. Tim LaHaye faston Baptis ne da ya daɗe a San Diego, kuma tsohon hannu a siyasar masu ra'ayin riƙau: yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Moral Majority tare da Jerry Falwell a 1979. Shi ke tsara jadawalin annabci da ayoyin da za a bi. Jerry Jenkins, marubucin da ya ƙware wajen rubuta tarihin 'yan wasa kuma ya taimaka wa mai wa'azi Billy Graham rubuta tarihin rayuwarsa, shi ke zama ya ƙaga mutane da hirarrakinsu. LaHaye ya ce tunanin ya zo masa ne a cikin jirgi, da ya ga matuƙi mai zoben aure yana zolayar wata ma'aikaciya, ya tambayi kansa me zai faru in fyaucewa ta auku a wannan lokaci.

A nan kuwa labarin ya buɗe. Rayford Steele na tuƙa Boeing 747 a saman Tekun Atlantika cikin dare, hankalinsa na kan ma'aikaciyar jirgi Hattie Durham, yana jin haushin matarsa Irene da ta ɗauki addini da zafi. Sai Hattie ta zo a firgice ta ce fasinjoji sun ɓace. A kan kujeru ga riguna ga takalma ga tabarau, duk a yadda masu su suke zaune, jikin ne kawai babu. Yara ƙanana sun tafi gaba ɗaya, har da na cikin ciki. Da ya juya ya sauka a Chicago sai ya tarar da motoci sun yi karo ko'ina saboda direbobi sun ɓace a kan sitiyari. A gida ya ɗaga bargo ya ga rigar barcin Irene da zobenta. Wannan buɗewa ita ce mafi ƙarfi a duk jerin, kuma ko masu sukar littafin ba su cika musun haka ba.

Rayford ya nufi cocin matarsa, inda ya tarar da mataimakin fasto Bruce Barnes, wanda shi ma aka bari domin imaninsa na fatar baki ne. Babban faston ya bar kaset ɗin bidiyo da ke bayyana wa waɗanda suka saura abin da ya faru da abin da ke tafe. Rayford da 'yarsa Chloe da Barnes da ɗan jarida Cameron Williams, wanda ake wa laƙabi da Buck, suka kafa 'yar ƙungiyar da za ta yi tsayin daka har shekara bakwai su cika.

Abokin gabarsu shi ne Nicolae Carpathia, matashin ɗan siyasa daga Romaniya, kyakkyawa, mai harsuna tara, wanda bakinsa ba ya rabo da maganar zaman lafiya da kwance ɗamara. Ya zama babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya sa ƙasashe suka lalata kashi casa'in cikin ɗari na makamansu suka miƙa masa sauran, ya haɗe kuɗin duniya, ya mayar da hedkwata Sabuwar Babila a Iraƙi. A ƙarshen littafi na farko ya bindige mutum biyu a gaban manyan jami'ai a ɗakin taro, sannan cikin sanyin murya ya gaya musu wani labari dabam na yadda abin ya faru, kowa ya fita da wannan labarin a kansa. Buck kaɗai, wanda bai daɗe da ba da gaskiya ba, ya tuna abin da idonsa ya gani. Daga baya aka kashe Carpathia, ya tashi bayan kwana uku Shaiɗan ya shige shi, masu bi kuma suka fake a tsohon birnin dutse na Petra da ke Jodan.

Littattafai goma sha biyu aka yi daga 1995 zuwa 2004, aka ƙara uku na abin da ya gabata, sannan ɗaya na mulkin shekara dubu a 2007, jimla sha shida. Akwai kuma jerin yara mai ƙananan littattafai arba'in. An sayar da fiye da kwafi miliyan 60. Da farko shagunan coci ne ke ɗauka, daga baya manyan kantuna irin su Walmart suka jibge su kusa da kayan masarufi. The Indwelling ya hau saman jerin New York Times a 2000. Desecration, wanda ya fito 'yan makonni bayan harin 11 ga Satumba, shi ne ƙagaggen labari mai kaurin bango da ya fi kasuwa a Amurka a 2001, ya ture marubuci John Grisham daga kujerar da ya saba zama. A 2002 wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta mujallar Time da gidan talabijin na CNN ta nuna kashi 59 cikin ɗari na Amurkawa na ganin abubuwan da ke cikin Wahayin Yahaya za su auku.

Abin da ke ƙarƙashin labarin

Wanda ya jera littattafan wannan fage bisa shekarunsu zai ga ayoyin ba sa canzawa, fuskar mugu ce ke canzawa. A zamanin Yaƙin Cacar Baka, Rasha ce. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, sai tsoro ya koma kan Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin duniya guda, daidai lokacin da Shugaba George Bush babba ke yawan ambaton sabon tsarin duniya. Alamar dabba ma haka: a fim ɗin Iowa zane ne a fata, a shekarun 1980 masu wa'azi suka ce layukan farashi ne da ake bugawa a jikin kaya da katin banki, a Left Behind kuwa ta haɗa da 'yar na'urar da ake dasawa a ƙarƙashin fata. Littattafan sun fi ba da labarin abin da ke hana masu karatunsu barci a shekarar da aka buga su fiye da abin da ke tafe. A cikinsu duk wanda ya zo da maganar sulhu tsakanin ƙasashe ko haɗin kan addinai abin zargi ne. Isra'ila kuma tana tsakiyar fage, sai dai ƙaunar mai sharaɗi ce: Yahudawan kirki na labarin, irin su malami Tsion Ben-Judah, duk sukan karɓi Almasihu, abin da ya sa marubuta Yahudawa da dama ba su ɗauki wannan soyayya da daɗi ba.

Ta fuskar fasaha, akwai wata matsala da babu marubucin da ya warware ta. A labarin leƙen asiri na yau da kullum, jarumi na fafutukar hana bala'i aukuwa. A nan bala'in rubutacce ne, kuma hana shi saɓa wa nufin Ubangiji ne. Saboda haka jaruman Left Behind sukan ƙare da kallo: Rayford ya zama matuƙin jirgin Carpathia, Buck ya zama ma'aikacin jaridarsa, suna satar jin asiri amma ba abin da za su iya sauyawa. Shafuka masu yawa sun tafi a kiran waya, sauya jirgi, da bayanin kwamfuta da motoci. Amy Johnson Frykholm, wadda ta yi hira da masu karatu don littafinta Rapture Culture na 2004, ta gano cewa da yawa ba su karanta shi su kaɗai ba. Littafin na yawo ne daga hannu zuwa hannu a cikin dangi da coci, sau da yawa a miƙa wa miji ko ɗa da ake jin tsoron za a bari.

Suka ta fito daga cikin gida kafin waje. A 2003 bishop-bishop na Katolika a Illinois suka fitar da sanarwa cewa jerin na ƙin jinin Katolika, domin a ciki wani kadinal ne ya zama shugaban addinin ƙarya na duniya. Malamar Lutheran Barbara Rossing ta rubuta The Rapture Exposed a 2004 tana cewa an juya littafin ta'aziyya ga waɗanda ake zalunta an mayar da shi taswirar yaƙi. A shekarar ce Tyndale da kanta ta buga The Last Disciple na Hank Hanegraaff da Sigmund Brouwer, wanda ya ce yawancin annabcin ya riga ya cika a zamanin Sarki Nero na Rum, abin da ya ɓata wa LaHaye rai ƙwarai. Da Glorious Appearing na jerin Left Behind ya fito, inda maganar bakin Almasihu ke farke jikin rundunonin kafirai, Nicholas Kristof na New York Times ya yi tambaya ko yaya Amurkawa za su ji in Musulmi ne ya rubuta irin wannan game da waɗanda ba Musulmi ba.

Musulunci a cikin fagen

Mai karatu Musulmi zai ga sunayen da ya sani tun yana makarantar allo: Dujal, Yajuju da Majuju, saukowar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Bambancin yana da girma. A Musulunci babu fyaucewa, akwai bayyanar Mahadi, kuma Annabi Isa ne zai kashe Dujal a ƙofar Lud. Bayan 2001 wasu marubutan Amurka sun juya wannan hoto a kife. Joel Rosenberg, wanda ya yi suna da The Last Jihad a 2002, ya fitar da The Twelfth Imam a 2010, inda Mahadin da 'yan Shi'a ke jira ya bayyana a Iran a matsayin mugun labarin, wani jami'in CIA kuma na ƙoƙarin hana ƙasar mallakar makamin nukiliya.

Aron bai tsaya a gefe ɗaya ba. A 1987 marubucin Masar Sa'id Ayyub ya fitar da al-Masih al-Dajjal, wanda ya haɗa hadisai da ayoyin Daniyel da Wahayin Yahaya da siyasar zamani, ya buɗe ƙofa ga ɗimbin ƙananan littattafai a kasuwannin Alƙahira. Masu bincike irin su David Cook da Jean-Pierre Filiu sun nuna yadda marubutan wannan layi suka riƙa ɗebowa daga masu wa'azin Amurka, suna sauya wanda ke gefen gaskiya kawai. Da Netflix ya fitar da shirin Messiah a 2020, Musulmi masu kallo suka hango Dujal a jikin jarumin tun daga tallar shirin, hukumar fina-finan Jodan, inda aka ɗauki wani sashe, ta nemi kada a nuna shi a ƙasar. Zango ɗaya ya yi aka dakatar.

Bayan ganiya

Fina-finan Left Behind ba su taɓa kama ƙafar littattafan ba. Na farko, wanda Kirk Cameron ya fito a ciki a 2000, bai gamsar da LaHaye ba har ya kai kamfanin kotu. Na 2014 da Nicolas Cage ya sha suka daga kusan duk masu sharhi. An sake yin wani a 2023 da Kevin Sorbo. Marubutan da ba na coci ba su ma sun ɗauki hoton: a The Leftovers na Tom Perrotta, 2011, miliyoyin mutane sun ɓace ba tare da la'akari da addini ko hali ba, labarin kuma ya tsaya a kan makokin waɗanda suka rage. Ɗan Jenkins, Dallas, ya bar ƙarshen labari ya koma farkonsa, shi ne ya ƙirƙiro shirin The Chosen kan rayuwar Almasihu.

Ba a daina sa rana ba. Edgar Whisenant ya kawo dalilai 88 na cewa a 1988 za a yi fyaucewa, Harold Camping ya sa 21 ga Mayun 2011, a Satumban 2025 kuma hasashen wani ɗan Afirka ta Kudu ya karaɗe TikTok. Tim LaHaye, wanda ya guji ambaton takamaiman rana a littattafansa, ya rasu a Yulin 2016 yana da shekara 90. Hal Lindsey ya rasu a Nuwamban 2024 yana da shekara 95, wato shekara 36 bayan wa'adin da littafinsa ya nuna.